Yadda ake fitar da sod daga ƙasan firakshan

Masu shirin WAEC da NECO, da ku masu karatun JAMB kuna hangen harabar Samaru ko Kongo ta ABU Zariya, wannan abin da wuya ka zauna jarabawar lissafi bai leƙo ba, ko dai a tambayar sod (wato rut ɗin da ba ya fita cif, kamar √2) kai tsaye ko ya ɓuya cikin tirigonometiri. Ka yi aikinka daidai ka samu 1/√2, ka duba A zuwa D babu shi, alhali yana nan zaune a matsayin √2/2, abu ɗaya ne kawai an cire rut ɗin daga ƙasa.

Me ya sa ma ake cirewa? √2 kusan 1.414 ne, to ɗauki biro ka raba 1 da 1.414 da hannu ka ji yadda kai zai yi zafi, sannan ka raba 1.414 gida 2, nan take 0.707. Mutanen da suka yi lissafi da tebur kafin zuwan kalkuleta ba wahalar banza suke gudu ba, shi ya sa har yau masu maki suke son ganin ƙasa babu rut.

Dokar guda ɗaya ce, duk abin da ka ninka ƙasa da shi sai ka ninka sama da shi. Don √3/√3 ai 1 ne, kuma ninkawa da 1 ba ya canza darajar komai, kama kawai yake canzawa.

Fara da mai sauƙi, wato in rut ɗaya ne tak a ƙasa. Ga 6/√3. Ninka sama da ƙasa da √3. Ƙasa √3 × √3 ya ba ka 3, sama 6√3, sai ka raba 6 da 3 ka samu 2√3, shikenan. In akwai lamba a gaban rut ɗin kamar 5/(2√5), ƙyale 2 ɗin nan ba ruwanka da ita, √5 kawai za ka ninka da shi, sama 5√5, ƙasa 2 × 5 wato 10, ka rage ya dawo √5/2. Kuma dan Allah kafin ka fara duba ko rut ɗin yana raguwa, √12 ai √4 × √3 ne wato 2√3, to 4/√12 ya zama 2/√3, daga nan 2√3/3.

Inda ake zubar da maki shi ne in ƙasan abu biyu ne da alamar tarawa ko ɗebewa a tsakani, misali 4/(3 − √5). Yara da yawa a lesin sai su ninka da √5 kamar na baya, to gwada mana, (3 − √5) × √5 zai ba ka 3√5 − 5, rut ɗin na nan daram, wuri kawai ya sauya. Abin da ake nema shi ne konjuget, lambobin nan dai su ne amma ka juya alamar tsakiya, na 3 − √5 shi ne 3 + √5. Alamar tsakiya kawai fa, kar ka taɓa ta 3. Dalilin da ya sa yake aiki kuwa, (a − b)(a + b) kullum a² − b² ne, na tsakiyar suna cinye juna, kuma rut in aka ninka shi da kansa ya mutu. To ƙasa ya zama 9 − 5 = 4, sama 4(3 + √5), 4 ta tafi da 4, amsa 3 + √5. Lura ban buɗe baka a sama ba sai da na ga abin da ƙasa ta bayar, sau da yawa hakan na rage maka aiki.

Ga wanda ya fi kama mutane, (√3 + 1)/(√3 − 1). Ninka da √3 + 1 sama da ƙasa. Ƙasa 3 − 1 = 2. Sama kuma (√3 + 1)(√3 + 1), a nan ne masu sauri ke rubuta 3 + 1 su wuce, a'a, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, 3 + √3 + √3 + 1, wato 4 + 2√3. Wajen rabawa da 2 ma kowanne sai ya samu rabonsa, 4 ta koma 2, 2√3 ta koma √3, amsa 2 + √3. Wanda ya rubuta 2 + 2√3 ya raba ɗaya ya manta ɗaya.

Wani lokaci ƙasan zai fito da alamar ɗebewa, kamar 1/(1 − √2) da ke ba da 1 − 2 = −1. Kar ka tsorata ka goge, daidai ne, amsar −1 − √2 ce.

In ka gama kuma akwai sauran lokaci, gwada da lambobi. Haddace √2 kusan 1.414, √3 kusan 1.732, √5 kusan 2.236. A misalinmu na 4/(3 − √5), 3 − 2.236 = 0.764, 4 a raba da 0.764 kusan 5.236, ita kuma 3 + 2.236 = 5.236. In biyun ba su haɗu ba koma kan alamominka, galibi can ɓarnar take. Yanzu ɗauki takarda ka yi 10/√5 da 2/(√7 − √5), na farko ya kamata ya ba ka 2√5, na biyu √7 + √5.