Botar tuffa a kan gas: yadda nake gama ta cikin awa ɗaya da rabi

Shekarar da muka fara zama a jihar Pensilbaniya ta Amurka, yara suka matsa min sai an kai su gonar tuffa, irin wadda mutum yake shiga ya tsinka da hannunsa, a auna masa ya biya. Watan Oktoba ne, kaka ta yi, rassa duk sun sunkuya. Ni da na taso inda ake sayen tuffa ƙwaya ɗaya a yanka wa yara huɗu, sai idona ya rufe. Da buhu biyu muka dawo gida. Kafin sati biyu kowa ya ƙoshi da ita, wasu sun fara laushi, maigida in ya wuce ta kicin sai ya kalli buhun ya kalle ni, bai taɓa cewa uffan ba.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta fitar da ni kunya. Ta shigo ta ga buhun, ta koma gidanta ta dawo da 'yar kwalba cike da wani abu mai duhu kamar narkakkiyar mazarƙwaila, ta ce wai botar tuffa ce. Ina jin an ambaci bota na ja baya, na tambaye ta wane irin mai ne a ciki, don a ƙasar nan ba a kai abu baki sai an bincika. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Babu mai ko ɗigo, babu madara. Laushinta da yadda take shafuwa a burodi ne suka ja mata sunan. Tuffa ce zalla aka dafa har ta rasa ruwanta, zaƙinta ya taru, launinta ya koma ruwan ƙasa.

Kakannin wannan tsohuwa daga Jamus suka zo, kamar yawancin tsofaffin manoman yankin Lankasta da ke wannan jihar. Yadda ta ba ni labari, a da aikin yini guda ne, kuma aikin gayya. A kafa ƙatuwar tukunyar tagulla a tsakar gida, a hura itace tun asuba, a riƙa juyawa da wata doguwar muciya mai lanƙwasa wadda mutum zai tsaya nesa da wuta yana ja, in ya gaji wani ya karɓa. Wasu har kwabban tagulla suke zubawa a gindin tukunyar don su riƙa kankare ƙasan kada ya kama. Har yanzu 'yan Amish, wasu Kiristoci manoma masu gudun kayan zamani, suna sayar da ita a bakin hanya, kuma a garin Berkeley Springs na jihar Birjiniya ta Yamma duk Oktoba ana bikinta, a jera tukwane a tsakiyar gari. Can Turai ma tana da 'yan uwa, a Beljiyam da Holan da yammacin Jamus, sai dai tasu ta fi baƙi da danƙo.

Ni ba ni da tukunyar tagulla, ba ni da yini guda, kuma babu mai karɓa ta in na gaji. Na gwada tukunyar lantarki da ake bari ta kwana tana yi a hankali, ta yi daɗi, amma awa 10 ta ci. Sai na zauna na yi tunani a kan abin da yake cin lokacin. Tuffa kusan kashi 85 cikin 100 ruwa ce. Duk wannan juyi na asuba zuwa magariba, korar ruwa kawai ake yi. To abin da zai sa ruwa ya gudu da wuri shi ne faɗin tukunya da buɗaɗɗen baki. Ƙara wuta kuwa ƙanzo yake jawowa. Uwargida, in kin riƙe wannan kin gama rabin aikin: ki ɗauko tukunyarki mafi faɗi, mai kaurin gindi, ki bar doguwar nan ta miya a inda take. Tawa faɗinta ya kai santimita 30, kuma da na taɓa yi a ƙaramar tukunya mai zurfi sai da na ƙara kusan awa guda a tsaye.

Tukunyar ta kasance ta sitenles ko mai shafen tangaran a ciki. Kada ki yi a ta alminiyam ko ta baƙin ƙarfe tsirara, don tsamin tuffa yana cin su, sai ki ji ƙarfe-ƙarfe a baki.

Ga abin da nake zubawa. Tuffa kilo 2, wato ƙwaya 10 zuwa 12 matsakaita. Ruwan tuffa kofi 1, ko ruwan famfo in babu. Sukari mai ruwan ƙasa rabin kofi. Garin kirfa ƙaramin cokali 2, garin kanumfari rubu'in ƙaramin cokali, gishiri shi ma rubu'i, sai ruwan lemon tsami babban cokali 2. Wannan yana ba ni kofi 3 zuwa 4, gwargwadon yadda na bari ta yi kauri.

Maganar ruwan tuffa tana buƙatar tsayawa kaɗan, musamman ga 'yan uwa da suke sababbin zuwa. A Amurka abin da suke kira saida ruwan tuffa ne da aka matse ba a tace ba, mai duhu-duhu, ana ajiye shi a firiji kusa da madara, kuma babu giya a ciki. Shi ya fi dacewa da wannan aiki. Amma akwai wani mai irin sunan da aka bari ya yi tsami ya zama barasa, yana zuwa a gwangwani ko kwalba kamar lemo. A Ingila kuwa in an ce saida kawai, mai barasar ake nufi. Ki karanta jikin kwalba. Haka ruwan banila da girke-girken Turawa suke cewa a ɗiga a ƙarshe: na asalin a cikin barasa ake jiƙa shi, dokar Amurka ma ta ce sai barasar ta kai kashi 35 cikin 100. Ni ba na sawa, kuma ban ji an rasa komai ba.

Wace tuffa? Wadda kike da ita, da farko. Amma in kina da zaɓi ki haɗa iri biyu, mai zaƙi da mai tsami. Nakan sa Gala ko Fuji kashi biyu, koriyar nan Granny Smith kashi ɗaya. McIntosh ta fi kowace saurin narkewa, minti 15 ta zama kunu. Na taɓa yi da Fuji kaɗai, ya fito da zaƙi salam babu armashi, kamar an dama sukari. Wadda ta yi laushi ko ta bugu a gefe duk tana yi, ki yanke wurin ki yar. Wadda ta ruɓe ko ta yi fumfuna kam sai shara. Masu karanta ni daga gida, na san tuffa da tsada, ba za a sayi kilo 2 don a dafa ba. Amma in kin saba da mai kayan marmari, ki tambaye shi waɗanda suka kwana biyu suka yanƙwane, ki yi rabin wannan awon.

Ni ba na feraye ta. Tsohuwar tana feraye tata tas, mun sha musu a kan haka. Hujjata ita ce ɓawon yana ɗauke da sinadarin da yake sa abu ya kama jikinsa, yana ƙara launi in ja ne, kuma fere tuffa 12 minti 20 ne da ba ni da su. In bilendarki mai ƙarfi ce ba za ki ga ɓawon ba. In kuwa da muciya ko ludayi za ki farfasa, to ki feraye, don ba zai narke da kansa ba. Ki wanke sosai da ruwan ɗumi saboda kakin da ake shafa wa na kanti, ki raba huɗu, ki cire tsakiyar da 'ya'yan, ki yayyanka ƙanana kamar yankan dankalin fate. Iya ƙanƙantar yanka iya saurin nuna.

Ki zuba tuffar da ruwan da gishirin, ki rufe, wuta matsakaiciya. Nan ne kaɗai ake son murfi, don tururi ya dafa ta. Minti 20, ki buɗe sau biyu ki juya. In kin danna yanki da bayan cokali ya baje, ta yi.

Sai markaɗe. Mai bilendar hannu da ake tsomawa a tukunya ta huta, minti 2 ta gama. Mai bilendar jug kuwa ta yi hankali. Abu mai zafi in an cika jug aka rufe aka kunna, tururi yana cilla murfin sama. Ki bari ta sha iska kaɗan, ki zuba rabin jug, ki cire ɗan marfin tsakiya ki dafe da tawul. Ki markaɗa har ta yi sumul, don duk gudajin da kika bari yanzu da shi za ki ci.

Ki mayar tukunya, ki zuba sukari da kirfa da kanumfari. Kanumfarin nan ki ji tsoronsa. Ya fi ƙarfin awonsa, kuma yayin da ruwa yake ƙonewa shi ƙaruwa yake yi. Ranar da na ce bari in ƙara don ƙamshi, yara suka ce maganin haƙori na dafa. Wani lokaci ina ƙara garin citta rabin ƙaramin cokali, wannan kam son raina ne, tsohuwar ta ɗanɗana ta yamutsa fuska sannan ta ƙara cokali na biyu.

Yanzu aka zo wurin aikin. Murfi a gefe, wuta ƙasa da matsakaiciya, yadda za ta riƙa ɓal-ɓal a hankali. Duk wadda ta taɓa tsayawa a kan talge ta san abin da zai biyo baya. Tana kauri tana tsalle, kuma tsallenta ya fi na talge mugunta saboda sukari, in ya sauka a fata manne wa yake. Ina da tabo a bayan hannun dama har yau. Ki sa riga mai dogon hannu, ki nemi muciya ko cokalin katako mafi tsawo, ki kori yara daga kicin. In kina da rariyar ƙarfe mai faɗi ki kifa a bakin tukunyar, tana tare tsallen tana barin tururi ya fita. Kada ki ce za ki rufe da murfi don ki tsira, ruwan da kike kora zai taru ya koma ciki.

Minti 20 na farko juyi duk bayan minti 5 ya isa, kina iya wanke-wanke a gefe. Daga nan sai ki matso. Minti 20 zuwa 30 na ƙarshe ba a barin ta, kina juyawa kina kankare gindi da kusurwoyi, kina rage wuta duk lokacin da kika ga tsallen ya yi yawa. Na taɓa amsa waya daga gida a daidai wannan gaɓa, gaisuwa ta yi tsawo kamar yadda ta saba, kafin in gama tambayar mutanen unguwa na ji ƙauri. In hakan ta same ki, kada ki kankare. Ki sauke nan take, ki juye na saman a wata tukunya, ki bar na ƙasan. In kika juya, ɗacin ya shiga ko'ina kuma babu sukarin da zai ɓoye shi.

Alamar ta yi guda biyu ce. Ki ja muciya a tsakiyar tukunya, in hanyar ta tsaya kina ganin gindi na ɗan lokaci kafin ta rufe, kin kusa. Sai ki ɗebi cokali ɗaya ki ɗora a faranti mai sanyi, wanda kika sa a firiza tun farko. Ki jira minti 1. In ruwa ya tsatso ya zagaye ta, ki ƙara minti 10. In ta zauna daram babu ruwa a gefe, ki kashe wuta. Ki tuna tana ƙara kauri in ta huce, don haka kada ki jira ta zama tuwo a kan wuta.

Bayan kin sauke ne za ki zuba lemon tsamin, ki juya, ki ɗanɗana. Sukari ma a nan nake gyara shi. Girke-girke da yawa suna cewa kofi 2 ko fiye, ni ina ganin ɓarna ce, don abin da ya ji daidai a farkon dahuwa zai yi zaƙi fiye da kima bayan ruwa ya ƙone. Gara ki fara da kaɗan, in bai ji ba ki ƙara cokali biyu tana da zafi.

Kada in yi miki ƙarya, ba za ta yi baƙi kamar ta tukunyar tagulla ba. Waccan duhun nata na awanni ne. Wannan tana fitowa ruwan ƙasa mai ja-ja, kuma ɗanɗanon tuffa ya fi fitowa a cikinta. In kina son ta ƙara duhu, ki rage wuta can ƙasa ki ƙara mata rabin awa.

Ki bari ta huce, ki zuba a kwalabe masu tsabta da kika ɗauraye da tafasasshen ruwa suka bushe. A firiji tana kai sati 2 zuwa 3, in dai da busasshen cokali ake ɗiba. Sauran ki sa a firiza, ki bar sarari kamar faɗin yatsa biyu a saman kwalba don tana kumbura in ta daskare. Wadda ake ajiyewa ta shekara ba firiji, sai an dafa kwalaben a rufe cikin ruwa bisa ƙa'ida, wannan wani darasi ne daban. Tunda sukarin tawa kaɗan ne, ba na barin ta a waje ko na yini biyu.

Mutanen nan suna shafa ta a gasasshen burodi, suna zuba ta a kan wani farin cuku mai laushi, abin da har yau bakina bai karɓa ba. Yarana a yogot suke so, ko a kunun oat da safe. Ni kuwa wata Asabar na soya waina, zuma ta ƙare, na miƙa hannu na ɗauko kwalbar. Tsamin wainar da kirfar suka haɗu kamar dama can tare aka yi su. Na kai wa tsohuwar guda shida a faranti, da yamma ta dawo min da farantin da kwalba biyu babu komai a ciki, ta ce in na tashi yi in cika mata.