Kurakuran da ake tafkawa wajen zana burtalin kifin wel a taswira

Duk wanda ya tashi a ƙasar kiwo ya san amfanin burtali: idan an san ta inda shanu ke bi, an san inda ba za a yi shuka ba. Teku ma tana da nata burtalin. Kifin wel, wanda kifi ne a suna kawai tunda nono yake ba 'ya'yansa kuma sai ya leƙo sama yake shaƙar iska, yakan yi tafiyar dubban kilomita tsakanin wurin kiwo da wurin haihuwa. Wel mai tozo yana cin abinci a ruwan sanyi na Antatika, sannan ya yo arewa ya haihu a ruwan ɗumi, har da gaɓar Gabon da sauran Mashigin Gini, tsakanin Yuli da Oktoba. Masu bincike na zana waɗannan hanyoyi ne don a kawar da jiragen dakon kaya da igiyoyin masunta daga kansu. Abin da ke damuna shi ne, taswira na da kwarjini. Da zarar an buga ta, hukuma takan ɗauke ta tamkar yankan wuƙa, ko da akwai kuskure a cikinta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga fili fayau a taswira a ce babu wel a wurin. Sau da yawa ba a taɓa zuwa dubawa ba ne. A 1935 wani masanin dabbobi Ba'amurke, Charles Townsend, ya fitar da taswirori daga littattafan da mafarautan wel na Amurka suka riƙa rubuta kamunsu a ciki. Aiki ne mai daraja, har yau ana amfani da shi, amma abin da yake nunawa shi ne inda mafarauta suka je suka yi sa'a. Yau ma haka take. A taswira, gaɓar Kalifoniya cike take da ɗigon wuraren da aka ga wel saboda akwai jiragen bincike da na 'yan yawon buɗe ido, gaɓar Afirka ta Yamma kuwa ɗigon jefi-jefi ne saboda masu dubawa ba su da yawa. Gyaran ba shi da wuya: a rubuta inda jirgi ya bi, awa nawa aka yi ana dubawa, da yadda teku take a ranar, ko da ba a ga komai ba. Wurin da ba a bincika ba a ba shi launinsa daban, kada a bar shi fari ɗaya da wurin da aka duba aka rasa. Tsoffin alƙaluma kuma sai an tantance. Jiragen Tarayyar Sobiyet sun kashe wel kusan 180,000 ba su bayyana ba, sai bayan rushewar tarayyar gaskiya ta fito.

Wanda ya fi ciwo shi ne taswira marar kwanan wata. Akwai wani nau'i a arewacin Atlantika da ake kira rayit wel, wanda saura ƙasa da 400 a duniya. Shekara da shekaru an san da bazara a Mashigin Fundi na Kanada suke taruwa, har a 2003 aka karkatar da hanyar jiragen ruwa a wurin dominsu. An yi abin kirki, kuma ya yi amfani. Sai ruwan yankin ya yi ɗumi, 'yan ƙananan halittun da suke ci suka ragu, su kuwa suka bi abincinsu zuwa Mashigin Sen Lorans da ke arewa, inda babu wata doka da aka tanada saboda taswira ba ta nuna su a can ba. A 2017 aka tsinci gawar guda 12 a ruwan Kanada. Da aka fede wasu, an ga alamun bugun jirgi, wasu kuma igiyar tarkon ƙaguwa ce ta sarƙe su. Dabbar da takan yi shekaru kafin ta sake haihuwa, a rasa 12 a bazara ɗaya ba ƙaramar asara ba ce.

A watan Agusta na shekarar Kanada ta tilasta wa jirage masu tsawon mita 20 zuwa sama rage gudu zuwa kimanin kilomita 18 a awa. Daga baya ta koma bin dabbar maimakon bin takarda: jiragen sama na shawagi, na'urorin saurare na cikin ruwa, kuma da an ga wel a wuri sai a rufe kamun kifi a wannan yanki na kwana 15. A 2018 ba a tsinci gawa a ruwan Kanada ba, amma a 2019 an sake samun tara, don haka ba a gama ba. Duk taswirar da za a fitar, a sa mata shekarar da aka tattara bayanan da watannin da take magana a kansu, kuma a yanke lokacin da za a sake dubawa tun kafin a buga ta.

Sai kuma ruɗin layi. Na'urar da ake maƙala wa wel a baya tana aika saƙo ga tauraron ɗan'adam ne kawai idan ya taso shan iska, na 'yan daƙiƙu. Abin da ke zuwa kan kwamfuta ɗigo ne a warwatse. A tsarin Argos na bin sawun dabbobi ta tauraron ɗan'adam, ɗigo mafi inganci kuskurensa bai kai mita 250 ba, wani ya wuce kilomita ɗaya da rabi, wasu ma ba a san iyakar kuskurensu ba. Mai gaggawa sai ya ja layi ya haɗa su, har ka ga wel ya ratsa ta kan tudu. A tace ɗigon, a jefar da duk wanda ke nuna gudun da dabbar ba za ta iya ba, sannan a zana hanya da faɗi kamar burtali, ba siririn zare ba. A kuma faɗi ko wel nawa aka bi, domin goma ba dubu ba ne, kuma na'urar kan faɗi bayan makonni ko watanni. Inda layi ya tsaya, galibi nan na'ura ta mutu, ba nan tafiya ta ƙare ba.

Wel ɗaya tak kan iya rushe abin da aka daɗe ana zato. A 2011 an maƙala wa wata wel mai ruwan toka na'ura a tsibirin Sakalin na Rasha. Ana tsammanin ta yi kudu ta gaɓar Asiya, sai ta ƙetare Tekun Fasifik har Meziko ta dawo, tafiyar sama da kilomita 22,000. Na Tekun Larabawa kusa da Oman kuwa, wel masu tozo ne amma ba sa ƙaura zuwa ruwan sanyi ko kaɗan. Wanda ya zana musu kibiya zuwa Antatika don haka danginsu ke yi, ya zana abin da babu.

Na'urar saurare ma shirunta ba hujja ba ne. A wel masu tozo maza ne ke rera waƙa, kuma uwa mai goyo takan rage murya, ita ce kuwa ta fi buƙatar kariya. A haɗa saurare da gani, da hoton wutsiya, wadda zanen ƙarƙashinta ya bambanta daga wannan wel zuwa wancan kamar zanen yatsa.

Kuskure na ƙarshe shi ne a zana hanyar wel a tsaya nan. Kyaftin ɗin jirgi ba zai sauya hanya don kyakkyawan hoto ba, sai an ɗora taswirar jirage a kan ta wel an nuna masa daidai inda suke karo. Haka aka yi a mashigar tashar Bostan ta Amurka, aka ɗan karkata hanya a 2007, tafiyar ta ƙaru da 'yan mintuna, haɗarin ya ragu sosai. Sai dai na'urar da manyan jirage ke bayyana matsayinsu da ita ba ta cikin yawancin ƙananan kwale-kwale, don haka ragar masunta ba za ta fito ba sai an je bakin ruwa an zauna da su an tambaya. A kudancin Siri Lanka, inda shuɗin wel ke kiwo a tsakiyar ɗaya daga cikin hanyoyin jirage mafi cunkoso a duniya, bincike ya nuna matsar da hanyar kimanin kilomita 28 kudu zai rage haɗarin karo da kashi 95 cikin ɗari. A 2022 kamfanin jiragen dakon kaya na MSC ya umarci jiragensa su riƙa bi ta can don raɗin kansa.