Idan katakon inji ya fara girgiɗi a jirgin ruwan da ka saya na hannu

Masu sayen jirgi na hannu a Yawuri ko Wara, yawanci ƙasan jirgin suke dubawa ko yana yoyo, su manta da katakon baya inda ake ɗaura inji, alhali nan ne duk ƙarfin injin Yamaha mai ƙarfin doki 25 ko 40 yake sauka. Ka kama katakon ga da hannu biyu ka jijjiga shi, in ka ji ya motsa ko kaɗan to akwai aiki, kuma aikin ba na sifana ba ne. Wlh mutane da yawa sai su ɗauko sifana su ƙara matse noti su ce an gama, bayan sati guda ya koma yadda yake, saboda ba notin ne ya kwance ba, ramin da ya ratsa ne ya buɗe ko katakon ya ruɓe daga ciki.

Toh da farko a fitar da jirgin tudu, a sauke inji, a cire notocin gaba ɗaya. Wanda tsatsa ta cinye kada ka wahal da kanka, yanke shi da zarton ƙarfe. Sai ka sa bakin sukudireba ka tsokani cikin ramin da kewayensa, katako mai lafiya zai ƙi, ruɓaɓɓe kuma sukudireban zai nutse kamar a dafaffen rogo, ka ga baƙin gari na fita. In ruɓar ta wuce faɗin tafin hannu malam ka haƙura, kira kafintan jirgi ya sa sabon katako, maɗaci ko loko, faci ba zai riƙe inji ba.

In kuma bakin ramin ne kawai, ka ƙwaƙule ruɓaɓɓen har ka kai ga mai kyau, ramin ya fi na da faɗi, ba komai haka ake so. Yanzu sai bushewa, kuma nan ne gaggawa ke ɓata ma mutane aiki, don gam ɗin nan mai kwalba biyu da ake haɗawa, irin su Araldite, ba ya kama jiƙaƙƙen katako sam, ka bar shi a rana ya bushe sosai, lokacin hunturu ya fi sauri. Kada ka wanke ramin da fetur, maiƙo yake bari. Ka kwaɓa gam ɗin da garin katako ya yi kauri, ka toshe bayan ramin da salatif, ka cika shi taf, ka bar shi ya kwana ya wuni, awa 24 ke nan, sannan ka sake huda sabon rami a tsakiya daidai kaurin notin.

Noti ka nemi wanda ba ya tsatsa, silba ɗin nan, wosha ma irinsa, in ka haɗa shi da wosha na baƙin ƙarfe woshan zai riga shi mutuwa. Ta ciki ka sa faffaɗan farantin ƙarfe ko woshan da ya fi girma don nauyin ya bazu, ka shafa kwalta a ramin ko ka yanka robar tif ka sa ƙarƙashi don ruwa kar ya bi. Wajen matsewa a hankali, da ka ga wosha ya zauna ka tsaya, katako busasshe in ya koma ruwa kumbura yake, in ka danne shi da ƙarfi tun a tudu to murƙushewa zai yi, ka koma gidan jiya. Ka ɗora noti na biyu a kan na farko ya kulle shi, girgizar inji ba za ta warware ba.

Ranar gwaji kada a ɗauki fasinja ko buhunan shinkafa, kai da yaron jirgi kawai kusa da gaɓa, ka ɗaure injin da igiya a jikin jirgi ko da zai zame, ka ba shi wuta ka yi baya da shi ma, yaron ya sa hannu a katakon ya ji ko yana motsi. Bayan kwana biyu a ruwa ka sake bin notocin da sifana sau ɗaya.