Layin Gaɓa Ya Ƙi Hawa Taswira: Kurakuran da Aka Fi Yi da Gyaransu

Nijar ba ta da teku, amma gaɓa kam muna da ita: bakin kogin Isa a Yamai, tabkin Cadi can gabas, ga tabkunan Adar irin na Tabalak da Ɗan Dutsi. Duk mai aikin noman rani, kamun kifi ko rigakafin ambaliya, wata rana sai ya nemi layin bakin ruwa ya ɗora a QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta. A nan Tawa na daɗe ina zama da matasa masu koyon wannan aiki, kuma kukansu kusan ɗaya ne: "Malam, fayil ɗin ya lalace." Sau da yawa fayil lafiyarsa ƙalau.

Abin da ake kira shapefile ba fayil ɗaya ba ne. Ƴan gida ɗaya ne, sunansu guda, wutsiya ce ta bambanta su. Mai .shp shi ke ɗauke da zanen, .shx shi ke nuna wa manhaja inda kowane zane yake, .dbf teburin sunaye da lambobi ne, .prj kuma shi ke faɗin tsarin ma'aunin da aka yi aiki da shi. Sai abokin aiki ya tsinci .shp shi kaɗai ya turo maka ta WhatsApp, QGIS ta ce ba ta san wannan ba. Ka roƙe shi ya haɗa su duka a zip ɗaya, tun da QGIS tana buɗe zip kai tsaye. In .shx ne kawai ya ɓata, akan iya sake gina shi idan aka sa SHAPE_RESTORE_SHX ya zama YES a saitin manhajar. In .dbf ne, zanen zai fito amma babu suna ko ɗaya, kuma wannan ba ya ginuwa, sai an koma wurin mai shi. Haka wanda ya sauya wa ɗayansu suna ya bar sauran, ya raba gida. Ni dai duk abin da ya shigo hannuna nakan mayar da shi GeoPackage nan take: fayil ɗaya ne, ba shi da iyakar giga 2 ta shapefile, kuma ba ya datse sunan ginshiƙin tebur a harafi 10.

Kafin ka zargi kowa, duba girman abin da ka sauko da shi. Rezo yakan yanke ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukewa, ka tashi da rabin fayil mai cikakken suna.

Babbar matsala ita ce tsarin ma'auni, wanda QGIS ta Faransanci ke kira SCR. Fayil ya buɗu, sunansa na nan a gefe, amma allo fari fat. Danna Zoomer sur la couche ka ga inda ya faɗa, sa'an nan ka dubi lambobin da ke ƙasan allo. In ƙanana ne, kamar 5 da 15, digiri ne, wato WGS 84 mai lamba EPSG:4326. In dubban ɗaruruwa ne da miliyan ɗaya da wani abu, mita ne, wato UTM. Fayil ɗin da ke digiri aka ce wa manhaja mita ne, sai tabki guda ya ƙanƙance ya kasa kai tafin hannu, ya je ya faɗa cikin teku kudu da Gana. Wanda ke mita aka ce digiri ne, shi kuwa ya fita duniya gaba ɗaya.

A nan ne mutane ke ƙara ɓata abu da hannunsu. Faɗa wa manhaja tsarin da fayil yake ciki daban, mayar da fayil wani tsari daban. Na farkon ba ya taɓa lambobi, suna kawai yake liƙa musu. Ana yin sa ne idan .prj ya ɓata kuma ka tabbatar da tsarin asali. Na biyun, Reprojeter une couche, shi ke sake lissafa kowane ɗigo. Wanda ke son fayil ɗinsa ya koma mita sai ya je ya liƙa masa sunan UTM, ya yi kamar mai rubuta "gero" a buhun dawa.

UTM ɗin ma kashi uku ne a ƙasarmu. Daga yamma zuwa digiri 6 na gabas yanki na 31 ne, EPSG:32631, nan Yamai da Tawa da Tabalak suke. Maraɗi da Damagaram suna na 32, Diffa da Gigimi na 33. Jihar Tawa kanta iyakar ta ratsa ta: kana barin Tabalak ka nufi Abalak ka tsallaka yanki na 32. Bayanan Abalak da aka liƙa wa 31 sukan zame yamma da fiye da kilomita 600. Kuma kada ka auna faɗin tabki ko ka ja iyakar mita 100 daga gaɓa alhali fayil ɗin yana digiri. Digiri ɗaya wajen kilomita 111 ne. Ka rubuta 100, manhaja ta ja maka da'irar da ta haɗiye Afirka.

Masu zagaya bakin ruwa da GPS su zuba ɗigogin a Excel suna da nasu ciwon kan. Excel ɗinmu na Faransanci waƙafi yake sawa a tsakiyar lamba, 14,89 a madadin 14.89, yana kuma raba ginshiƙai da alamar ";". In ba ka faɗa wa QGIS haka ba lokacin shigar da teburin, sai ta ɗauki lambobin a matsayin rubutu, ko ɗigo ɗaya ba zai fito ba. Sannan X lambar gabas ce, Y ta arewa. Baki ya saba fara faɗin ta arewa, shi ya sa ake juya su. Ɗigon Tawa da aka juya yakan sauka wajen iyakar Kamaru da Afirka ta Tsakiya.

Masu sauko da GSHHG, tarin gaɓoɓin duniya da Wessel da Smith suka fitar a 1996, su lura da sunan fayil. L1 iyakar tudu da teku ne. Ka ɗora shi a kan Nijar, launi ɗaya zai rufe allo. Tabkuna suna L2, koguna kuma suna wata jaka dabam mai suna WDBII. Harafin f shi ne mafi cika da nauyi, c mafi sauƙi. Amma wannan tari ba don tabki kamar na Tabalak aka yi shi ba. Don aikin gida gara bayanan OpenStreetMap na Nijar da ake samu a shafin intanet na Geofabrik. In ka zo yanka su manhaja ta ce zanen ba shi da inganci, yawanci layi ne ya harɗe kansa. Réparer les géométries na warware shi. Sunayen garuruwa kuma in sun fito da alamun tambaya a gurbin ƙ, ɗ ko é, sauya tsarin haruffan zuwa UTF-8, ka yi fatan ba tun wajen rubutawa aka zubar da ƙugiyoyin ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda manhaja ba ta cewa komai a kansa. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini taswira, garaken albasa da tumatir na mutane suna zaune a tsakiyar shuɗin ruwa. Ya ce, "Malam, bari in ja layin da hannu ya daidaita da hoton." Na ce, "Dakata tukuna, ƙanena, wane wata aka zana layin?" Da muka bincika, ƙarshen damina aka zana shi, lokacin da tabki ya cika ya batse, hoton kuwa na tsakiyar rani ne, bayan ruwa ya ja manoma sun bi sawunsa suna shuka. Layin gaskiya ne, hoton ma gaskiya ne. Da ya ja layin, da ya goge shaidar inda ruwa ke kaiwa, kuma da irin wannan taswira ake yanke shawarar inda za a haƙa rijiya ko a gina rumbu.

Haka abin yake a Yamai. Kogin Isa yana cika sau biyu: jan ruwa na Agusta da Satumba da ke zuwa daga rafuka irin su Sirba, da baƙin ruwan Gini da ke isowa wajen Disamba da Janairu. A Satumban 2020 ya kai wajen mita 7 a ma'aunin birnin, ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Saga. Layin gaɓar da aka zana a watan Mayu ba zai nuna maka waɗannan gidaje suna cikin haɗari ba. Tabkin Cadi kuwa, da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, tsofaffin bayanai na iya nuna maka ruwa har bakin Gigimi.

Hotunan tauraron ɗan Adam na Sentinel-2 kyauta ne, suna nuna ƙasa a mita 10, suna kuma sake bi ta wuri ɗaya duk bayan kwana 5. Ka zana gaɓa biyu daga gare su, ta cikar ruwa da ta ƙarshen rani, ka sa wata da shekara a sunan kowanne, kamar tabalak_gaba_2023_10, ba tazara, ba harafi mai ƙugiya.