Darasi: Aikin Notari da Inda Ikonsa Ya Tsaya

Notari jami'i ne da hukuma ta ba izinin shaida sa hannu a kan takardu, da rantsar da mutane, da tabbatar da cewa kwafin takarda ya yi daidai da ainihinta. Takardun da aka fi kai masa su ne takardar wakilci, takardar rantsuwa, yarjejeniyar ciniki, da izinin iyaye idan yaro zai yi tafiya ƙasar waje ba tare da su ba.

Matsayinsa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa da ƙasashen da ke bin tsarinta, notari masanin shari'a ne, shi ke rubuta takardar da kansa, kuma cinikin gida ko fili sai ya bi ta hannunsa. A Amurka kuwa, a yawancin jihohi ba sai mutum ya zama lauya ba. Jiha ce ke ba shi izini na wasu shekaru, sau da yawa 4, kuma idan ba lauya ba ne an hana shi ba da shawarar shari'a. Don haka ka fara tambayar wane iri ne a ƙasar da kake.

Kafin ka je

Ka tafi da takardar cikakkiya, duk shafukanta, ba shafin ƙarshe kawai ba. Ka riƙe katin shaida mai hoto ko fasfo wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Kada ka sa hannu tun daga gida. Takardar rantsuwa dole a gabansa za a sa mata hannu, sauran ma hakan ya fi tsaro.

A gabansa

Zai dubi hoton, ya dubi fuskarka, ya gwada sunan da ke katin da wanda ke takardar. Nan ne mutane da yawa ke komawa gida hannu rabbana: harafi ɗaya ya sauya, ko kati na da suna uku takarda na da biyu. A gyara takardar tukuna. Sai ya tambaye ka ko ka san abin da ke ciki, kuma ko da yardarka za ka sa hannu. Idan ya ga alamar tsoro, ko wanda ya rako ka shi ke amsa maka kowace tambaya, yana iya cewa ɗan rakiyar ya fita, ko ma ya ƙi aikin gaba ɗaya. Ba wulaƙanci ba ne, kariya ce gare ka.

Bayan ka sa hannu, shi ma zai sa nasa, ya rubuta kwanan wata da wurin, ya buga hatimi. Da yawa suna shigar da aikin a littafin rajista, kuma wannan littafin yakan zama hujja ranar da aka yi gardama.

Wanda bai iya karatu ba, ko bai jin harshen da aka rubuta takardar, ya faɗa tun farko, babu kunya a ciki. A karanta masa ita daga farko har ƙarshe, ko a samo tafinta wanda ba shi da wata riba a cinikin. A wurare da yawa ana karɓar dangwalen yatsa a gaban shaidu, notari kuma ya rubuta cewa haka aka yi.

Abin da hatimin ba ya nufi

A nan ake yawan cutar mutane. Idan sa hannu kawai ya shaida, hatiminsa na cewa: wannan mutumin ne ya zo gabana, ran kaza, ya sa hannu da yardarsa. Bai ce abin da aka rubuta gaskiya ba ne. Mutum na iya rantsuwa cewa gona tasa ce alhali ba tasa ba ce. Laifin rantsuwar ƙarya na kansa, amma kai da ka saya kana iya rasa kuɗinka. Binciken mallaka a ofishin rajistar filaye ake yin sa. Haka kuma hatimi ba ya halatta yarjejeniyar da doka ta hana, ba ya mayar da mummunan sharaɗi ya zama mai kyau. Notari ba alƙali ba ne, ba ya raba gardama, kuma bai kamata ya tsaya wa ɓangare ɗaya ba.

Kada ka yarda da wanda zai buga hatimi alhali mai sa hannun bai bayyana gabansa ba, ko ya mayar da kwanan wata baya, ko ya shaida takardar da shi kansa zai ci gajiyarta. Kotu na iya yin watsi da irin wannan. Kada kuma ka bar gurbi ko ɗaya a buɗe: a cike shi, ko a ja layi a kai, don kada a ƙara wani adadi bayan ka juya baya.

Idan takardar za ta tsallaka iyaka, hatimin notari kaɗai sau da yawa bai isa ba. Tsakanin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 1961, ana neman ƙarin shaida da ake kira afostil, wadda wata hukumar gwamnati ke bayarwa. Idan ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ba ta shiga ba, sai an bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadancin ƙasar da za a kai takardar. Ka tambayi masu karɓarta abin da suke buƙata kafin ka biya ko sisi.