Kurakuran da aka fi yi wajen neman furotin a gidan da ba a cin nama

A Katsina ba kasafai za ka ji mutum ya ce ya bar nama saboda wata aƙida ba, amma gidajen da ake yin mako biyu ko uku tsoka ba ta shiga tukunya ba suna da yawa, sannan ga waɗanda likita ya ce su rage jan nama saboda hawan jini ko ciwon zuciya, ga kuma 'yan tsirarun da tun suna yara ƙarnin nama yake tayar musu da zuciya. Dukkansu buƙatarsu ɗaya ce, wato su samu isasshen furotin, sinadarin da jiki yake gina tsoka da jini da fata da shi, ba tare da sun bi ta rumfar mahauta ba. Wannan abu ne mai yiwuwa, domin Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, ga gyaɗa da gujjiya da riɗi a kowace kasuwa, ga waken suya da ake nomawa a kudancin jihar nan, wajajen Funtua. Kayan suna nan, yadda muke sarrafa su ne yake da gyara.

Kuskure na farko shi ne rashin sanin adadin da ake nema, har mutum ya ɗauka cewa ƙoshi da samun abin gina jiki abu ɗaya ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne baligi mai lafiya yana buƙatar kimanin gram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, don haka mai nauyin kilo 60 yana neman kusan gram 50. Gram 100 na busasshen wake, wanda bai cika gwangwanin madara ba, yana ɗauke da gram 23 zuwa 24. Gyaɗa mai wannan nauyin tana da kusan gram 25, waken suya yana da wajen 36, ƙwai ɗaya yana da gram 6, kofin madarar shanu kuma gram 8. Sai dai a lura cewa wake yana shan ruwa idan ya dahu har nauyinsa ya ninka fiye da sau biyu, saboda haka furotin da ke cikin gram 100 na dafaffe bai wuce gram 8 ba. Wanda ya ci cokali uku na wake a gefen shinkafa bai ci wake ba tukuna.

Wannan ne ya kawo mu ga kuskuren da na fi damuwa da shi, wato abincin da sunan wake ko gyaɗa ya rage a kansa alhali su kansu sun kusa ɓacewa daga cikinsa. Wata safiya na zauna kusa da goggona a unguwar Ƙofar Marusa tana kwaɓa ɗan wake. Ta zuba fulawa da garin rogo a roba, ta barbaɗa kuka, ta tsiyaya ruwan kanwa, ta shiga juyawa har ƙullun ya yi danƙo. Na ce, "Goggo, ban ga kin zuba garin wake ba." Ta ce, "Ai ɗana, yanzu haka kowa yake yi, ya fi santsi kuma ya fi auki." Ba ta faɗi ƙarya ba, ya fi santsi, amma jikokinta huɗu da suka ci suka tafi makaranta sun tafi ne da cikin da ya cika da sitaci da mai da yaji. Haka abin yake a garau-garau da ake iya ƙirga ƙwayoyin waken da ke cikinsa, da kunun gyaɗa da aka yi wa tukunya guda da ɗan dunƙulen gyaɗa, da ƙosan da aka cika wa gari don ya yi yawa. Gyaran ba shi da wuya. A ɗan wake, garin wake ya zama aƙalla rabin haɗin. A shinkafa da wake, idan an auna gwangwani biyu na shinkafa a auna ɗaya na wake, idan da hali ma a yi su kai ɗaya. A miyar kuka ko kuɓewa busasshiya, a daka surfaffen wake a zuba tun farkon tafasa kamar yadda iyayenmu suke yi, domin yana ƙara wa miya kauri yana kuma cike gurbin naman da babu.

Akwai kuma masu maye gurbin tuwon hatsi da garin kwaki ko rogo ko dankali saboda sauƙin kuɗi, ba tare da sanin cewa sun yi asara ba. Gero da dawa suna da furotin gram 10 zuwa 11 a cikin gram 100, masara wajen 9, shinkafa wajen 7, garin rogo kuwa da ƙyar yake kai gram ɗaya ko biyu. Idan dole ce ta sa a sha gari, to a dama shi da ƙuli-ƙuli ko soyayyiyar gyaɗa mai yawa. Shi ma hatsin ba ya wadatarwa shi kaɗai, domin furotin haɗi ne na wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su sai dai ya samu daga abinci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya mai suna laisin, wanda wake yake da shi a wadace, shi kuma wake yana da ƙarancin metiyonin da ake samu a hatsi. Koko da ƙosai, tuwo da miyar gyaɗa, dambu da wake, duk haɗi ne da ya dace da wannan ƙa'ida tun kafin a san sunanta. Ba sai an ci su a kwano ɗaya ba, ya isa a ce sun haɗu a cikin yini.

Daddawa da zogale suna da furotin, amma ana ɗora musu nauyin da ba za su iya ɗauka ba. Ƙwallon daddawa biyu a tukunyar mutum goma ɗanɗano ne kawai, haka ma cokalin garin zogale a kunu. Kwaɗon zogale yana zama abincin kirki ne idan ƙuli-ƙulin ya ji, domin ƙuli gyaɗa ce da aka matse wa mai, abin da ya rage kuwa yana da abin gina jiki mai yawa. Dunƙulen magi mai ƙamshin kaza kuwa ba ya maye gurbin kaza sai a hanci.

Waken suya shi ne ya fi duk abin da muke nomawa furotin, amma kuskuren da ake yi da shi yana iya ɓata amfaninsa. Ɗanyensa yana ɗauke da wani sinadari da yake hana hanji narkar da furotin, kuma zafin wuta ne yake kashe shi. Mai niƙa shi ɗanye ta barbaɗa garin a kunun da aka riga aka sauke ba ta taimaki yaro ba, ƙila ma ta jawo masa gudawa. Dole a soya shi sama-sama har ya yi ja ya bar ƙarni, ko a tafasa madararsa sosai. Awara ta tsira daga wannan matsala, domin ana jiƙa waken a markaɗa a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, sannan a juye a ƙyalle a danne da dutse ruwan ya tsane. Inda ake kuskure shi ne ɗaukar ta a matsayin abin kwaɗayin 'yan mata da la'asar, ana tsoma ta a man da aka yi kwana da kwanaki ana suya da shi. A ganina wurin awara cikin miya ne, a yanka ta kamar tsokar nama a jefa a miyar taushe ko ta tumatir, kowa ya samu yanka uku ko huɗu a kwanonsa.

Da yawa sun ƙaurace wa wake saboda kumburin ciki. Maganin wannan shi ne a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan jiƙon, a surfe bawon idan na alala ko fate ne, a dafa shi har ya yi luguf, sannan a fara da kaɗan ana ƙarawa har ciki ya saba. Labta kanwa don ya yi saurin dahuwa yana lalata wani ɓangare na bitamin B da ke cikinsa, don haka jiƙon ya fi.

Wanda ya bar nama bai kamata ya haɗa har da nono da ƙwai ba sai da dalili mai ƙarfi, domin bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi suke buƙata, ba a samun sa a tsirrai. Wanda ba ya cin komai na dabba sai ya nemi ƙwayar bitamin ɗin bisa shawarar likita. A nan ma a duba abin da ake sha, domin furar da aka dama da tsinkakken nono da ruwa ya fi yawa a ciki ba daidai take da wadda aka dama da kindirmo ba. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake kuma jiki ya fi tsotsar sa idan an haɗa da tumatir ko lemun tsami ko gwaiba, shan shayi a kan abinci kuwa yana rage shi.

Waɗanda waɗannan kurakurai suka fi cutarwa su ne mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye, domin buƙatarsu ta wuce ta maigida idan aka auna da girman jiki, amma sau da yawa su ne na ƙarshe a rabo. Yaron da ake ɗura wa tsinkakken koko safe da yamma yana kan hanyar tamowa ko da cikinsa ya yi tulu. Daga wata shida, tare da nonon uwa, a haɗa masa garin kunun da ma'aikatan lafiya suke kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban, a niƙa tare, a dama da kauri. Camfin cewa ƙwai yana koya wa yaro sata ba shi da tushe, a dafa a ba shi.

A tsince gyaɗa kafin a niƙa, a zubar da duk wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci, domin tana ɗauke da gubar aflatoksin da take lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Mai ciwon ƙoda kuwa lissafinsa daban ne, kada ya ƙara wake ko awara a abincinsa sai ya tambayi likitan da yake duba shi adadin da ya dace da shi.