Yadda Shugaba Zai Ƙware Wajen Jagorantar Sauyi a Zamanin Dijital

A shekarar 1975 wani injiniya mai suna Steven Sasson, ma'aikacin kamfanin Kodak na Amurka, ya haɗa kyamarar dijital ta farko da ake riƙewa a hannu. Kamfanin ya ga abin, ya kuma fahimci cewa idan ya bunƙasa zai kashe kasuwar fim ɗin hoto wadda daga gare ta yake samun mafi yawan ribarsa, sai ya ci gaba da jan ƙafa har wasu suka sha gabansa. A shekarar 2012 Kodak ya garzaya kotu yana neman kariya daga masu bin sa bashi. Abokin hamayyarsa na Japan, Fujifilm, ya fuskanci irin wannan rugujewar kasuwa, amma ya karkatar da iliminsa na sinadarai zuwa kayan aikin asibiti da magunguna da kayan kwalliya, kuma har yau yana tsaye da ƙafafunsa. Dukkansu biyun sun mallaki fasaha da ƙwararru. Abin da ya raba su shi ne shugabannin da suka iya yanke shawarar barin abin da ke kawo kuɗi yau domin abin da zai kawo gobe, kuma wannan ƙwarewa ce da ake koyo, ba a haifi kowa da ita ba.

Matakin farko ga wanda ke son koyon ta shi ne ya san aikin hukumarsa da idonsa, domin gani ya kori ji. Ka ɗauki buƙata guda ɗaya, ko takardar neman biyan kuɗi ce ko ƙorafin abokin hulɗa, ka bi ta daga lokacin da ta shigo har lokacin da aka kammala da ita. Za ka iya tarar da ma'aikaciya tana kwafe bayanai daga allon kwamfuta zuwa littafi da biro, saboda manhajar sashenta ba ta magana da manhajar sashen kuɗi, sannan wani ya sake shigar da bayanan a kwamfuta ta biyu, takardar kuma ta kwana a kan teburin wani jami'i tana jiran sa hannun da ba wanda ya tuna dalilin da ya sa aka wajabta shi. Shugaban da bai taɓa ganin wannan ba zai sayo sabuwar manhaja mai tsada ya ɗora ta a kan tsohon tsari, ya wayi gari aikin yana nan yadda yake, sai dai kuɗin da ya ƙaru. Saboda haka kafin ka saurari mai tallar fasaha, ka rubuta a jimla ɗaya matsalar da kake son warwarewa da kuma wanda zai ji sauƙi idan an warware ta.

Ba dole ba ne shugaba ya iya rubuta manhaja, amma dole ne ya iya yin tambayar da za ta tona gaskiya. Ina bayananmu suke ajiye, kuma wa ke da ikon ganin su? Idan muka rabu da wannan kamfani, za mu iya kwashe bayananmu mu tafi? Wane ma'auni ne zai nuna mana bayan wata shida cewa an samu ci gaba? Hanyar koyon wannan ita ce ka zauna a kai a kai da matasan ma'aikatan sashen fasaha, ka bar su su koya maka, ba tare da jin cewa girmanka ya faɗi ba.

Abu mafi wuya, wanda kuma a ganina nan ne ake gane shugaba mai hangen nesa, shi ne zaɓen abin da za a daina. Kamfanin Netflix ya fara ne da aika faifan DVD ta gidan waya, kuma kasuwar tana tafiya lokacin da ya ƙaddamar da kallon fim ta intanet a 2007, alhali ya san sabuwar hanyar za ta ci tsohuwar. Kamfanin Blockbuster, wanda ya dogara da shagunan hayar fim, ya durƙushe a 2010. Haka nan da Satya Nadella ya karɓi ragamar Microsoft a 2014, ya mayar da hankalin kamfanin ga ayyukan ajiya da sarrafa bayanai ta intanet, ya kuma yarda manhajojin Office su yi aiki a kan iPad, na'urar abokin hamayya. Domin ka horar da kanka a kan wannan, duk lokacin da ake tsara kasafin shekara ka tilasta wa kanka ambaton aƙalla aiki ɗaya da za a rufe, ka kuma mayar da kuɗinsa da mutanensa ga sabon aikin. Tsarin da aka ƙara wa sababbin buri ba a rage masa komai ba, gajiyar da ma'aikata kawai yake yi.

Daga nan sai batun mutane, wanda shi ne ke cinye mafi yawan lokacin shugaba. John Kotter, malami a makarantar kasuwanci ta Harvard, ya nuna tun a 1995 cewa yunƙurin sauyi yakan mutu ne idan ma'aikata ba su ga dalilin gaggawa ba, ko idan ba a haɗa ƙungiyar masu faɗa a ji da za su tsaya wa sauyin ba, ko kuma idan aka yi saurin shelar nasara. Ma'aikacin da ke turjiya sau da yawa ba taurin kai ke damun sa ba, tsoro ne: ya shafe shekaru yana ƙwarewa a kan wani aiki, yanzu an ce na'ura za ta yi shi. Ka gaya masa gaskiya game da abin da zai sauya a aikinsa, ka ba shi horo a cikin lokacin aiki, kada ka yi masa alkawarin da ba za ka iya cikawa ba. Ka kuma jawo tsofaffin ma'aikata cikin tsara sabon tsarin, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma su ne suka san inda aikin ke maƙalewa. Shugabannin sassa na tsakiya suna buƙatar kulawa ta musamman, tunda su ne ke fassara umarninka zuwa aikin yau da kullum, kuma idan ana auna su da tsohon ma'auni, tsohon aiki za su ci gaba da yi komai daɗin jawabinka.

Ka fara da ƙarami. Gwamnatin Birtaniya ta ƙaddamar da gagarumin shirin haɗa bayanan marasa lafiya na hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, NHS, a Ingila a 2002, aka tsara shi daga sama ba tare da isasshen tuntuɓar likitoci da asibitoci ba, kuma a 2011 aka sanar da wargaza shi bayan ya lashe biliyoyin fam. Darasin a fili yake: ka gwada sabon tsari a sashe ɗaya, ka sa masa wa'adi, ka auna sakamakon, sannan ka faɗaɗa ko ka janye. Amma gwajin ba zai amfane ka ba sai idan ana iya kawo maka labari mara daɗi. Binciken Amy Edmondson, malama a makarantar kasuwanci ta Harvard, ya nuna cewa rukunin ma'aikatan da ba sa fargabar faɗin kuskure sun fi saurin koyo, don haka ka lura da yadda kake karɓar wanda ya fara zuwa ya ce maka tsarin ba ya aiki, domin sauran suna kallo, kuma daga fuskarka za su yanke shawarar ko su yi magana ko su yi shiru.

Idan gwajin ya yi kyau, ka sa ranar rufe tsohon tsarin ka sanar da kowa, domin muddin ana karɓar takarda da manhaja a lokaci guda, mutane za su koma ga abin da suka saba. Ka gyara ƙa'idojin ƙarin girma da na lada su dace da sabuwar hanyar aiki, ka ware kuɗin kula da tsarin da na tsaron bayanai a kasafin kowace shekara, sannan ka naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda za a tambaya idan ma'aunin ya fara komawa baya.